Littafin gyaran kayak ɗina: daga Katsina zuwa dam ɗin Ajiwa

Asabar, 5 ga Oktoba, 2024

Jirgin ya iso yau da hantsi a cikin motar kayan da ta taso daga Legas. Kayak ne na hannu, wato ƙaramin jirgin ruwa na roba, irin wanda ake zama a bisansa, tsawonsa mita uku da rabi da 'yan kai, nauyinsa kilo 28. Asalin launinsa ruwan ɗorawa ne, amma rana ta ci shi har ya koɗe. Naira 270,000 na saye shi, kuɗin mota 25,000. Ya zo da kujera, da rigar ceto, da filafili mai baki biyu wanda ake raba shi gida biyu a tsakiya.

Tun ina yaro nake son fatsa, kuma kullum daga bakin ruwa nake jefawa ina hangen inda masunta ke kaiwa da kwalekwale. Yanzu Allah Ya nufa na samu abin shiga. Sai dai babu shagon da zan shiga a nan kusa in ce a ba ni kayan kayak. Duk abin da ya lalace, ko in gyara shi da abin da ke kasuwarmu, ko in jira sati biyu a aiko daga Legas. Shi ya sa na buɗe wannan littafi: in riƙa rubuta abin da ya karye, da yadda aka gyara, da nawa ya ci, har in gane abin da ya kamata in riƙa shiga ruwa da shi.

Talata, 8 ga Oktoba

Kafin in kai shi ruwa, ruwa na kawo masa. Jirgin fallen roba biyu ne, na sama da na ƙasa, a haɗe suke tun daga inda aka ƙera su, cikinsa kuma fanko ne, iskar da ke ciki ita ke riƙe da shi a saman ruwa. Akwai ramuka shida da suka ratsa daga sama zuwa ƙasa, domin duk ruwan da ya fantsamo inda mutum ke zaune ya zurare. Na ɗora shi a kan tsofaffin tayoyi biyu a tsakar gida, na buɗe murfin gaba na zuba masa bokiti huɗu a ciki. Ban cika shi ba, kada nauyin ruwan ya lanƙwasa shi. Na goge bayansa tsaf, na zauna ina kallo.

Ba a yi minti goma ba ɗigo ya fara sauka daga ramin da ke ƙarƙashin kujera. Tsaga ce siririya, tsawon ɗan yatsa, daidai inda bututun ramin ya haɗu da gindin jirgin. Da na kifa shi gefe kuma sai ga ruwa yana tsattsafowa ta ribitin marikin baya. Wanda ya sayar mini ya ce lafiyarsa ƙalau, na kira shi bai ɗauka ba. Na bar maganar a nan.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Naira 2,500 ta tafi a banza. Na sayo gam ɗin nan mai tub biyu da ake cakuɗawa, na goge wurin da samfefa, na shafa, na bar shi ya kwana. Da safe ya bushe ƙam, har na fara murna. Ina sa farce a gefensa ya ɗago gaba ɗaya kamar ɓawon dafaffen ƙwai.

Daga baya na karanta dalili. Robar da ake yin irin wannan jirgi foliyetilin ce, irin ta jarka da tankin ruwa, fatarta santsi gare ta kamar kakin zuma, gam na yau da kullum ba ya samun inda zai kama. Maganinta narkarwa: roba a jikin roba, kuma dole su zama jinsi ɗaya.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na ɗora jirgin a kan mota na kai wa wani mai liƙin roba a gefen babbar kasuwa, wanda ke gyaran bambar motoci da tankuna. Mutane suka taru, wani na cewa jirgi ne, wani na cewa kwamin wanka ne. Mai liƙin ya shafa tsagar da yatsa, ya jawo wani guntun bamba zai yanka. Na ce, "Malam, dakata, a gwada shi tukuna a inda ba a gani." Ya ce, "Alhaji, shekarata nawa ina wannan aiki, roba ai roba ce." Na roƙe shi, ya yarda. Ya narkar da guntun a ƙarƙashin kujera, muka bari ya huce, ya sa filaya ya ja. Ya ɓalle tas, ko tabo bai bari ba. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To, wannan irin ta tanki ce."

Abin lura yana gindin kayan roba, akwai alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Lamba 2 ita ce irin ta jarka, ita nake nema. Lamba 5 ita ce ta yawancin bambar mota da kujerun roba, ba ta haɗuwa da ta jirgina ko an narkar da su tare. Lamba 1 ta gorar ruwan sha ce, ita ma ba ta yi. Na sayi tsohuwar jarkar man gyaɗa Naira 1,500, muka wanke ta da omo har sau uku saboda maiƙo, muka yanka ta siri-siri kamar taliya.

Daga nan na tsaya na ga hannun mai sana'a. Ya fara huda ƙaramin rami a kowane ƙarshen tsagar, ya ce idan ba a yi haka ba za ta ci gaba da tafiya a ƙarƙashin liƙin. Ya kankare fatar da rana ta ƙona har sai da sabon launi ya fito, ya fafe tsagar ta yi ɗan kwari. Sannan ya ɗauko ƙarfensa mai faffaɗan baki daga garwashi, bai ɗora shi nan take ba, sai da ya kaɗa shi a iska ya rage zafi. Yana dumama jikin jirgin da zaren jarkar lokaci ɗaya, da zarar sun yi sheƙi sai ya danna su tare ya ja gaba kaɗan. Wannan roba tana narkewa ne a wajen digiri 130, shi bai san lambar ba, amma idonsa ya san lokacin. Ya ce duk inda ka ga hayaƙi ko ta yi ruwan ƙasa, ka ƙona ta, wurin zai yi gautsi. Da ya gama wani yaro ya kawo ruwa zai watsa, ya hana shi, ya ce a bar ta ta huce da kanta.

Ya ce 5,000, muka daidaita a 4,000. Ribitin marikin baya kuma na huda shi na cire, na sa sukuru da noti marasa tsatsa, da washa ta roba da na yanka daga tub ɗin babur. Na sayi irinsu da yawa, Naira 3,800. Na sake gwajin ruwa da yamma, ko ɗigo babu. Alhamdu lillahi.

Asabar, 19 ga Oktoba

Ranar farko a ruwa. Mun fita ni da ƙanena bayan sallar asuba muka nufi Ajiwa, a ƙaramar hukumar Batagarawa, dam ɗin da ke ba birnin Katsina ruwan sha. Kafin in sauke komai sai da na nemi Sarkin Ruwa na gaishe shi, na miƙa goro, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya haɗa ni da wani dattijo masunci, ya ce ya nuna mini inda aka shimfiɗa kalli da mamari don kada in ratsa kayan mutane. Baba nake ce masa.

Na ɗauko akwatin kayan gyara: guduma, sifanoni, sukundireba huɗu, filaya biyu, ragowar jarka, har da zarto. Na auna shi a gida, kilo bakwai ne. Baba ya ɗaga shi ya ajiye, ya ce, "Ɗana, mi za ka gina cikin ruwa?" Na ce ai don ko-ta-kwana ne. Ya nuna mini nasa a gindin kwalekwale: gwangwani ɗaya, a ciki akwai ƙusoshi, da dunƙulen auduga, da wuƙa, da robar tub a naɗe, sai ƙoƙon kwarfar ruwa a gefe. Ban ji maganarsa ba, na ɗaure akwatina a baya.

Jirgin ya yi tafiya lafiya, sai dai gindinsa ya nutse fiye da goshinsa. Karfasa biyar na kama da tana, ɗaya ta kai tafin hannu biyu. Da muka fito na buɗe murfi na sa soso, a bushe yake.

Yara sun yi ta tambayata daga ina irin wannan jirgi ya samo asali. Na gaya musu na mutanen Inuwit ne, mazauna ƙasashen ƙanƙara irin su Girinlan da arewacin Kanada da Alaska, kuma nasu na asali fatar dabbar teku ce ake ɗinkawa a kan ƙirar itace. Su ma mafarauta ne, sai na ji kamar jirgin bai yi baƙunta sosai a hannun mai fatsa ba.

Asabar, 26 ga Oktoba

Awa uku a ruwa, karfasa uku, ƙurungu ɗaya. Babu abin da ya lalace. Na sayi salatif mai ƙarfi 3,000, da kebul-tai irin na masu wayarin 1,200, da igiya 2,000, na ƙara a akwati.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Yau na ga abin da ya tayar mini da hankali, zan rubuta shi dalla-dalla don kada in manta.

A ƙarshen jirgin ta baya akwai matoshi, ɗan ƙaramin abu mai zare da ake murɗewa a tsiyaye ruwan da ya shiga ciki. A ƙa'ida yana sama da ruwa. Zobensa na roba ya riga ya tsattsage tun zuwan jirgin, na gani, na ce zai ɗan kai. Wajen ƙarfe goma iska ta taso, ruwa ya fara 'yar igiya yana dukan baya. Ina can nesa da gaɓa, hankalina yana kan wata tarwaɗa da ta ɗauki ƙugiya ta saki. Abin da na fara ji shi ne filafili ya yi nauyi, ina tuƙi jirgin ba ya gaba kamar da. Sai na ga ruwan da ke ramukan ƙarƙashin ƙafata ya hau, ya ƙi zurarewa. Da na ɗan karkata don in ɗauko tana, jirgin ya bi ni, ya ƙi dawowa da wuri, na ji ruwa yana gudu a cikin cikinsa daga wannan gefe zuwa wancan. Nan gabana ya faɗi.

Na waiwaya a hankali na ga babu matoshin kwata-kwata, ramin a buɗe, kuma nauyin akwatin nan ya danne gindin har igiyar ruwa tana rufe shi. Ga kayan gyara kilo bakwai a bayana, babu ko ɗaya da zan iya kai hannu gare shi ba tare da na kife ba, kuma ko na kai babu abin da zai toshe ramin a cikinsu. Murfin gaba kuwa ba a buɗe shi a cikin igiyar ruwa, ƙara wa Borno dawaki ne. Na duba rigar cetona a ɗaure take, na yi addu'a, na ajiye sandar fatsa, na nufi gaɓar da ta fi kusa, ba wadda na bar mota ba. Ƙananan tuƙi nake yi, ban yarda na karkata ba ko kaɗan.

Baba ya hango ni daga inda yake duba kallinsa. Ya taho ya jera kwalekwalensa da nawa, ya riƙe gefen jirgina da hannu ɗaya, ya ce, "Kwance wanga akwati ka miƙo." Shi ya kwance da kansa ya ɗora a nasa. Nan take gindin ya ɗan ɗago. A haka muka kai bakin ruwa.

Muka ɗaga goshinsa muka tsiyaye. Ban auna ba, amma ya fi jarka biyu, kuma kowace lita kilo ɗaya ce. Baba ya karyo reshen wata bishiya, ya feƙe shi da wuƙa ya yi masa tsini, ya naɗa robar tub zagaye uku, ya murɗa shi cikin ramin har ya kama gam. Ko minti biyar bai yi ba. Da wannan itacen na koma wajen mota.

A hanyar gida ni da ƙanena ba mu yi magana sosai ba. Ya dai ce, "Yaya, don Allah kada ka sake shiga kai kaɗai." Na yi masa alkawari.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Na zazzage akwatin a kan tabarma na raba kayan kashi uku. Tambayar da na riƙa yi wa kowane abu ita ce: zan iya amfani da kai ina zaune a kan ruwa, da jiƙaƙƙen hannu, jirgi yana rawa? Wanda ya ci wannan jarrabawa ya shiga wata 'yar robar man shafawa mai murfin murɗawa, wadda za ta zauna tsakanin ƙafafuna. Wanda sai an fito gaɓa ake iya aiki da shi ya shiga jaka, zai zauna a cikin murfin gaba inda nauyinsa zai daidaita jirgin. Guduma da zarto da sifanoni sun koma but ɗin mota.

Na yi odar matoshi biyu daga Legas, da kuɗin aike Naira 9,000. Raina ya sosu da kuɗin, abu kamar kan yatsa, amma na biya.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Da itacen Baba na shiga, na feƙe wani na sa a robata.

Yau filafili ne. A tsakiyarsa akwai ɗan maɓallin ƙarfe mai sifirin da ke riƙe ɓangarorin biyu. Ina cikin tuƙi na ji ƙas, maɓallin ya faɗa ciki, hannun dama ya fara juyawa shi kaɗai, bakin filafilin yana yankan ruwa a kaikaice. Wannan karon ban firgita ba. Na ɗora shi a cinya, na daidaita ramukan biyu, na zura gajeren sukuru, na naɗe shi da robar tub na ja sosai, na cusa bakin robar a ƙarƙashi kamar yadda na ga Baba yana yi. Ya riƙe har na tashi. Wannan ne karo na farko da kayan da na ɗauko suka yi mini rana a inda nake buƙatarsu.

A gida na huda sandar ta fita ɗaya gefen, na sa dogon sukuru da noti mai kunne wanda ake kwancewa da yatsa.

Abin ya sa ni tunani: da filafilin karyewa ya yi biyu, ko ya suɓuce iska ta tafi da shi, fa? Na ɗaure shi da igiya a jikin jirgin. Na kuma roƙi Baba ya sassaƙa mini ƙaramin filafilin katako.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Matosan sun iso ranar Laraba. Ɗaya na sa, na huda kunnensa na ɗaure shi da zaren lilo a jikin mariki, ko ya kwance ba zai ɓata ba. Ɗayan yana cikin roba.

Baba ya kawo filafilin, tsawon kamu biyu, ya goge shi sumul. Ya ƙi karɓar ko sisi. Sati mai zuwa zan kai masa sukari da ganyen shayi.

Kafin in fara fatsa na tsaya inda ruwa bai wuce ƙugu ba na gwada gyara a zaune: ƙara wa sukurun kujera ƙarfi, canza igiyar da ke riƙe bayanta. Sukundireba ta suɓuce ta nutse, na lalubo ta da ƙafa. Da a tsakiya ne ta tafi ke nan. Yanzu wuƙa da filaya da sukundireba kowanne da zarensa. Tarwaɗa biyu, karfasa huɗu.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Kuskurena ne. Ranar Asabar na dawo a gajiye, na bar jirgin a kan mota ɗaure tamau har yammacin Lahadi, ga ranar tsaka ta Katsina. Da na sauke sai ga loɓawa a gindinsa daidai inda ƙarfen kan mota ya tokare shi, faɗin faranti. Wannan roba idan ta ji zafi laushi take yi ta ɗauki siffar abin da ya danne ta, kuma jirgi mai loɓaɓɓen gindi ba ya tafiya sak.

Maiɗakina ta tafasa mini ruwa tukunya biyu. Na zuba ta murfi, na karkata jirgin ruwan ya kwanta a kan wurin, na jira robar ta yi laushi, na tura ta daga ciki da guntun katako naɗe da tsumma. Ta dawo, saura ɗan alama. Yanzu a rumfa yake kwana, a kife, gefunansa a kan katako biyu. Igiyar kan mota kuma da na iso gida nake sassauta ta.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Ban je ba, akwai ɗaurin aure a dangi.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Hunturu ya sauka sosai. Hazo ya rufe ɗaya gaɓar, ruwan da sanyi kamar ƙanƙara, kifi kuma ya yi ƙasa ba ya cin ƙugiya sai rana ta ɗaga. Ƙura ta shiga injin naɗe zare, yana ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, sannan sifirin ɗin da ke mayar da ƙarfen zaren ya karye. Da hannu na riƙa mayar da shi bayan kowace jifa, hakan ma ya yi. Can kuma zoben bakin sanda ya fita, saura ƙiris ya faɗa ruwa, zaren ne ya riƙe shi. Ina da gam na kyandir da laita a roba, amma iska ta hana wutar tsayawa, na kunna ya fi sau goma. Na haƙura, na ɗauko zaren hannu da Baba ya ce in riƙa ajiyewa, lilo ne kawai naɗe a guntun katako da ƙugiya da darma. Da shi na kama tarwaɗar da ta fi kowace girma tun da na fara, ta kusa kilo biyu. Zaren ya yanke ni a yatsa, ban ma ji ba sai da na ga jini.

Da dare na kwance injin, na wanke shi da kananzir, na sa giris na Naira 1,000. Zoben ma na mayar, da gam ɗin da wani zoben na ajiya 1,500. Gam na kyandir ya fita daga roba ya koma jakar gaɓa. Filasta ta shiga madadinsa.

Asabar, 7 ga Disamba

Ruwan dam ya ja baya, inda muke sauke jirgi yanzu duwatsu ne da tsakuwa. Tun farko jan sa nake yi ta goshi, gindin yana gogar ƙasa, ban taɓa kifa shi na duba wurin da kyau ba. Tun abin da ya faru ranar 2 ga Nuwamba na ɗora wa kaina doka: duk bayan awa ɗaya in matso inda ba zurfi in buɗe murfi in sa soso. Yau a dubawa ta biyu soson ya fito sharkaf, na matse kusan lita biyu. Matoshi lafiya lau, liƙin kasuwa lafiya lau.

Muka fito da shi muka kifa. A ƙarshen ƙashin gindinsa robar ta cinye ta yi fari, idan ka danna da yatsa tana shiga, a tsakiya ga huda kamar ta allura. Na fara manna salatif a jiƙe, ya zame. Sai na goge wurin da rigata, na bar shi a rana minti ashirin, na yanke kusurwoyin salatif ɗin suka zama zagaye don kada ruwa ya samu inda zai ɗaga, na ɗan gasa shi da laita a bayan jirgi inda iska ba ta kaiwa, na manna falle uku ina murzawa da gindin wuƙa. Ya riƙe na awa ɗaya da rabi, amma kusa da gaɓa na tsaya. Da na fito gefe ɗaya ya fara ɗagowa. Iyakar aikin salatif ke nan, ya kai ka gaɓa, ba a kwana da shi a sake shiga.

Talata, 10 ga Disamba

Na yanke shawarar in yi wannan liƙi da kaina, tunda ba kullum zan riƙa ɗaukar jirgi zuwa kasuwa ba. Na sayi ƙarfen liƙi na lantarki 6,500, da 'yar ragar ƙarfe mara tsatsa 1,000.

Gwajin farko ya ɓaci. Na bar ƙarfen ya daɗe a wuri ɗaya, hayaƙi ya tashi, robar ta yi ruwan ƙasa, hudar allura ta zama ramin da fensir zai shiga. Wurin ya riga ya yi siriri, ba ya ɗaukar zafi kamar inda mai liƙi ya yi aiki. Jikina ya yi sanyi. Na ajiye, na yi sallar la'asar, na dawo na kankare duk inda ya ƙone. Kafin in sake taɓa jirgin sai da na yi ta gwaji a kan ragowar jarka, ina haɗa guntaye ina ɓallewa, har hannuna ya gane lokacin da sheƙin ke fitowa. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Na hura gawayi, na sa tsohon cokalin ƙarfe da na buge bakinsa ya baje, na koma irin ta mai liƙin kasuwa, kuma wallahi ya fi mini sauƙin sarrafawa.

Na fara cike ramin, na kwantar da ragar na danna ta ta nutse cikin robar, sannan na bi ta da zaren jarka falle-falle, kowanne sai ya huce nake ɗora wani. A ƙarshe na yanko wani yanki mai kauri daga gindin jarkar, tsawon tafin hannu, na liƙa shi a kai ya zama takalmi, shi zai riƙa cin ƙasa maimakon jirgin. Bai yi kyan gani ba, fari ne a jikin ruwan ɗorawa. Gwajin bokiti huɗu: a bushe har safe.

Asabar, 14 ga Disamba

Awa huɗu a ruwa, soso a bushe duk dubawa huɗu. Ni da ƙanena muka ɗauki jirgin a hannu har bakin ruwa, babu ja.

Na tara lissafi: ban da kuɗin jirgi da man mota, gyara da kayan ajiya sun ci Naira 37,000 daga 5 ga Oktoba zuwa yau. Mafi tsada matosan Legas ne. Abubuwan da suka fi fitar da ni kunya kuwa, robar tub da feƙaƙƙen itace da zaren hannu, ban saye su ba.

Abin da ke cikin robar tsakanin ƙafafuna yanzu: matoshi ɗaya da itacen Baba, robar tub kamu uku, kebul-tai shida, sukuru biyu da notinsu, filasta, laita. Wuƙa da filaya suna jikin rigar ceto. Soso da zaren hannu a ƙarƙashin kujera, ƙaramin filafili a gefe. Duka ba su kai kilo ɗaya ba in ban da filafilin.

Asabar, 21 ga Disamba

Sanyi ya yi tsanani, sai ƙarfe tara muka shiga. Na tarar da Baba ya jawo kwalekwalensa tudu, wani katako ya buɗe a gindi, yana cusa auduga da bakin wuƙa, kwalta na narkewa a gwangwani a kan wuta. Na riƙe masa fallen kwano yana bugun ƙusa. Da muka gama ya zagaya ya duba takalmin da na liƙa, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya ce, "Wa ya yi maka wanga?" Na ce ni ne, Baba. Ya ce in kawo cokalin nan sati mai zuwa, akwai jarkarsa ta ajiye kifi da ta tsage.

Karfasa shida, ƙurungu biyu, ɗaya ya soke ni da ƙayarsa a babban yatsa, filasta ta yi aiki.

Aikin Janairu in Allah Ya kai mu: keken ɗaukar jirgi, tunda ruwa zai ci gaba da ja baya, tafiyar daga mota tana ƙara tsawo, kuma ba kullum ƙanena zai samu zuwa ba, ran da bai zo ba sai in bi Baba. Na samu tayoyin tsohon keken yara guda biyu. Mai walda ya ce 12,000, ya kawo shawarar a yi ƙarafa biyu masu shiga ramukan zurarar ruwa, na ce a'a, can ne tsagar farko ta fito, a yi shimfiɗa wadda jirgin zai kwanta a kai a ɗaure da igiya. Igiyoyin roba na kan jirgin ma sun saki, rana ta gama da su, zan canza su da tub. Ranar Litinin zan kai wa mai waldan awo.